Wanda Ya Zuba Baƙin Mai

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna na ranar Talata, ana tsaka da hutun rana, ihun mace ya tashi daga ofishin ma'aikata na kamfanin fulawa. Baba Mai Sawu, shugaban masu gadi, yana zaune a ɗakinsa na bakin get ya miƙe ƙafafu, yana hararar akwatin dangwala yatsa da aka kafa masa a jikin bango. Ya zabura ya nufi wurin da sassarfa, ya riga mutanen da ke fitowa daga kantin cin abinci isa ƙofar da taku uku kacal. Ya buɗe hannuwansa ya tokare ƙofar.

"Kowa ya tsaya inda yake! Wanda ya taka min ƙasan nan, shi zan kama."

Sai da ya ga sun ja da baya sannan ya waiwaya. Teburin ofishin ya koma baƙi ƙirin. An tuttula baƙin man inji a kan kwamfuta har yana fitowa ta ramukan bayanta, an bi tarin takardun ma'aikata ɗaya bayan ɗaya an jiƙa su, man yana ɗiga ƙasa a hankali. Mai ofishin tana tsaye taku biyu daga ƙofa, ta toshe baki da hannu biyu.

Mai Na'ura ake ce mata. A da, mai buga takardu ce a ofishin nan, ba wanda ya san da zamanta. Da kamfani ya yanke shawarar kwashe bayanan ma'aikata daga tsofaffin fayil zuwa sabon tsarin kwamfuta, sai aka tsallake manya aka ɗora mata aikin, don ita ce ta yi karatunsa. Wata huɗu tana fama: sunan kowa, shekarunsa a bakin aiki, hutunsa, takardun makarantarsa, da wanda za a kira in inji ya ji masa rauni. Mutum ɗari shida. Jibi Alhamis masu kamfanin za su zo a ƙaddamar, kuma kowa ya ji ƙishin-ƙishin cewa a ranar za a ba ta shugabancin ofishin gaba ɗaya.

A bayan Mai Sawu aka fara gunaguni.

"Ai an daɗe ana jiran haka."

"Akawu ne, ko tantama babu."

"Shi kansa Baban da ya tare ƙofar, son abin yake yi?"

Ya ji, bai waiga ba. Shekara ashirin da shida yana riƙe da babban littafin shiga da fita na kamfanin nan. Babu wanda ya isa ya makara bai rusuna masa ba. Yanzu wani akwati da bai kai tafin hannu biyu ba ya karɓe masa littafin, kuma ya sha faɗa a fili cewa yarinyar da aka haifa yana bakin get ita ce ta mayar da shi mai buɗe wa mota ƙofa. Da ya ga man nan yana ɗiga, wani sanyi ya ratsa zuciyarsa kafin kunya ta biyo baya.

Manaja ya keto taron yana haki. Ya dubi teburin, ya dafe kai, ya ja Mai Sawu gefe.

"Ba na son masu kamfani su zo su tarar da motar 'yan sanda a tsakar gidan nan. An ce kai kana karanta ƙasa. Na ba ka zuwa gobe sha biyun rana. In ba ka kawo min mutum ba, zan kira su, kuma har da kai za su tambaya, don akwai makullin ofishin nan a ɗakinka."

"Na ji, yallaɓai."

*

Bin sawu gadonsa ne. A wurin mahaifinsa ya koya, tun suna bin dabbobin da suka ɓace kwana biyu ko uku a daji. Kamfanin fulawa kuwa wuri ne da ƙasa ba ta ɓoye sirri: ko an share da safe, kafin rana ta take gari ya sake lulluɓe ko'ina fari fat kamar an barbaɗa da gangan.

Ya cire takalmansa, ya shiga ta jikin bango, ya tsuguna.

Sawun da ya gani na takalmin aiki ne irin wanda kamfani ke rabawa, babba, irin da rabin mazan wurin ke sawa. Ba a fasa kwaɗo ba, da makulli aka buɗe. Mutumin ya shigo kai tsaye ba inda-inda, ƙafar damansa ta fi nutsewa, alamar yana ɗauke da abu mai nauyi a wannan hannun. A gaban tebur ya ajiye abin, ga da'irar gindin galan nan raɗau. Daga nan sai sawun ya yi abin da ya ɗaure wa Mai Sawu kai. Ya bar teburin ya tafi bakin taga, ya tsaya ƙafa biyu a jere. Ba tsayuwar wucewa ba ce. Garin wurin ya murje, mutum ne da ya jima yana sauya nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan. Bayan haka ya koma tebur, ya yi ɓarnarsa, ya fita da dogon taku.

"Leƙe ya je yi," in ji Mai Sawu a ransa, "ya ga ko wani na zuwa."

Ya tashi ya tsaya daidai wurin ya duba. Babu abin da ake gani ta tagar sai bangon sito, ko tsawon hannu bai kai ba tsakaninsu. A kan dakalin tagar akwai wani ɗan hoto a cikin firam da mataccen ƙuda ɗaya. Ya taɓe baki. Wane irin ɓarawo ne zai ɓata lokacinsa yana kallon bango?

A waje kuwa jama'a sun riga sun tattake komai.

*

Makullan ofishin uku aka sani: na Mai Na'ura, na ɗakin masu gadi, da na Akawu. A lokacin da aka yi abin, yawancin ma'aikata suna kantin cin abinci ana koya musu sabon tsari. Akawu bai je ba.

Mai Sawu ya same shi a bayan banɗaki, inda ake ajiye babura, yana zaune a kan wani bulo. Tsoho ne siriri mai tabarau, shekara talatin da ɗaya yana riƙe da fayil ɗin ma'aikata, saura wata bakwai ya yi ritaya. A bakin hannun rigarsa akwai baƙin mai. Taku goma daga babur ɗinsa, a cikin ciyawa, ga galan nan kwance ba komai a ciki.

"Akawu, ina kake lokacin hutu?"

"Ina nan. Sarƙar babur ɗina ta zame, ita nake mayarwa."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"Me ya hana ka zuwa wurin koyarwar?"

Akawu ya cire tabarau.

"In je in zauna a benci ta koya min? Mai Sawu, ni na koya wa yarinyar nan yadda ake huda takarda a sa a fayil. Ranar da ta fara aiki ko rubuta wasiƙar hutu ba ta iya ba. Yau in na shigo ofis ko ɗago kai ba ta yi, sai dai 'Baba Akawu, miƙo min durowa ta uku.' Na zama mai miƙo durowa. In kana so in ce na ji zafin abin da ya faru, ban ji ba. Amma takardun nan da aka jiƙa, rabinsu da hannuna na rubuta wa waɗanda ba su iya rubutu ba. Zan zuba wa rubutuna mai?"

Mai Sawu ya dubi ƙafafunsa. Ƙanana ne, cikin takalmin ofis da ya sha gyara. Amma takalman aiki suna nan jere a baranda, kowa na iya zura ƙafa.

Kafin ya gama tunani wani ya riga ya kai wa Manaja labarin galan. Manaja ya zo da kansa, ya dubi galan, ya dubi hannun riga, ya ce magana ta ƙare.

"Yallaɓai, ka ba ni zuwa gobe," in ji Mai Sawu.

"Na ba ka. Amma gobe da safe a ɗakinka zai zauna, kada ya taka ofis."

Akawu ya mayar da tabaransa a karkace, ya zauna yana kallon ƙasa.

*

Galan ɗin na ɗakin kanikawa ne, don haka Mai Sawu ya ɗauka ya nufi can. Babban bakaniken kamfanin, wanda kowa ke kira Sifana, ƙaton mutum ne marar yawan magana, kuma yayan Mai Na'ura ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tarar da shi a gindin wani inji da aka kashe, yana goge hannu da tsumma.

"Sannu da aiki. Wannan naku ne?"

Sifana ya dubi galan ɗin sau ɗaya.

"Namu ne, Baba. Tsohon mai muke tarawa a ciki, a bakin ƙofa yake zama. Kowa na iya ɗauka ya wuce."

"Ba ka ga wanda ya ɗauka ba?"

"Ina ƙarƙashin injin nan tun sha biyu. Mu ba a ce mu je wurin koyarwa yau ba, jiya muka yi namu."

"Ka je ka ga ƙanwarka?"

"Zan je. Auta ta sha wahalar aikin nan." Ya ci gaba da goge hannun da ya riga ya fita tas. "Ni na kawo ta kamfanin nan, ka sani. Ni na riƙo hannunta na kai ta wurin tsohon manaja."

"Na tuna," in ji Mai Sawu. "Ni na rubuta sunanta a littafi ranar."

Ya fito yana mamakin yadda kowa a gidan nan yake da rabonsa a cikin ɗaukakar yarinyar, kuma kowa rabon nan ne yake ci masa rai.

*

Mutum na uku da bai je koyarwa ba shi ne shugaban ƙungiyar ma'aikata. Ciyaman mutum ne mai faɗi da murya, kuma tun da aka fara zancen sabon tsari yake yawo yana cewa an kawo na'urar korar mutane ce. Da, duk mai neman hutu ko ƙarin girma ta hannunsa yake bi. Yanzu an ce kowa zai iya nema da kansa ta wayarsa.

"Ni? Haba Baba!" Ciyaman ya yi dariya har da buga cinya. "Tun sha biyu da rabi ina gaban sakatariyar Manaja ina jiran a karɓi takardar ƙorafina. Je ka tambaye ta, ta gaji da ganina. Ni da baki nake yaƙi."

"Zan tambaya."

"Amma in ka bi ta tawa, masu jin haushin yarinyar nan sun fi a ƙirga. Ba ta san yadda ake tafiya da mutane ba. Ba ka zo jiya ba ne. Za ta nuna mana yadda bayanin mutum yake fitowa, ta rasa na wanda za ta haska a bango sai na yayanta. Wai don na gida ne, ba zai damu ba. Ga hotonsa ƙato, ga rubutu kowa na karantawa: shekara goma sha bakwai a bakin aiki, matsayi bai taɓa canzawa ba, wurin takardar makaranta kuma fayau, babu komai. Wani shaƙiyyi daga baya ya ce, 'Ashe duk ƙwaƙwalwar gidan Auta aka ba!' Wuri ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi dariyar, bawan Allah." Ciyaman ya matso ya rage murya. "Ni kuwa ga abin da nake gani. Wa ya ce maka aikin ya kammala? Jibi masu kamfani za su zo. In ta ga ba za ta iya fita kunya ba, me ya fi mata sauƙi? Galan ɗaya, sai kowa ya koma tausayinta."

Sakatariya ta tabbatar da zancen Ciyaman. Amma maganarsa ta ƙarshe ita ta bi Mai Sawu har gida, tana yi masa daɗi a baki kamar alewa.

Da yamma yana zaune a tsakar gida yana wanke ƙafa, ya kwashe komai ya gaya wa matarsa. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba sai da ya kai ƙarshe.

"To ai kai ka ce ihunta ka ji, kuma daga wurin koyarwa ta fito. Mutum ɗari biyu suna kallonta, yaushe ta raba kanta biyu?"

"Tana iya sa wani."

"Malam, ƙasar ce ta gaya maka haka, ko zuciyarka?" Ta ture farantin gefe. "Wata huɗu ke nan ba mu ci abinci a gidan nan ba tare da sunan yarinyar nan ba. So kake ta faɗi, shi ke nan. Ka faɗa kawai mu huta."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya fasa. Ya ɗauki butarsa ya shige ɗaki.

*

Washegari da sassafe ya tarar da Akawu ya riga ya zo, yana zaune a bencin ɗakin masu gadi da hularsa a hannu, masu wucewa suna leƙensa. Mai Sawu ya zuba masa shayi, ya wuce ofishin ma'aikata.

Mai Na'ura tana durƙushe da safar roba a hannu, tana ɗaga takardun ɗaya ɗaya ko za ta sami mai karantuwa. Idanunta sun kumbura.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya. Tambaya zan yi miki, kuma kada ki ji haushi. Aikin nan ya kammala kuwa?"

Ta dube shi, ta gane abin da yake nufi. Ba ta yi fushi ba, sai dai muryarta ta yi ƙasa.

"Saura mutum arba'in ya rage, Baba. Kamfanin da ya sayar mana da tsarin yana da kwafin abin da na shigar har zuwa mako uku da suka wuce. Na bayan nan ne ya tafi, da takardun. Wanda ya yi wannan bai kashe aikin ba, ni ya so ya kunyata. Na san ba a so na a gidan nan. Har kai, Baba, na san ba ka so na. Ban dai san abin da na yi muku ba."

Mai Sawu ya kawar da kai. Ta miƙe ta cire safar, ta je wanke hannu, sai idonta ya faɗa kan dakalin taga. Ta yi saurin ɗauko ɗan hoton nan ta goge shi da gefen mayafinta.

"Wa ya ajiye min Umma a nan? Danshin bangon nan ai sai ya ɓata ta."

"Ba nan yake zama ba?"

"Ina! Kullum a kan tebur yake, jingine da kwamfuta. Shi kaɗai ne hotonta da ya rage mana."

Mai Sawu ya ji gashin jikinsa ya tashi. Ya karɓi hoton ya juya shi gaba da baya. Wata dattijuwa ce mai faɗin goshi tana murmushi. Ko ɗigon mai babu a jiki. Ya dubi teburin, inda man ya malale ko'ina bai bar ko tafin hannu ba. Ya dubi ƙasan tagar, inda ƙafa biyu suka jima a tsaye.

Da ya ɗago, ya ga ita ma wurin take kallo. Fuskarta ta canza a hankali.

"Baba," ta ce, "wataƙila ni na ajiye shi can na manta."

"Yanzu kika ce kullum a tebur yake."

"Baba, don girman Allah."

Jiya da ta roƙe shi haka, da ya ji daɗi. Yau sai ya ji kamar an ɗora masa buhu a ƙirji.

"'Yata, akwai tsoho zaune a ɗakina da hula a hannu. Da zarar sha biyu ta yi, 'yan sanda za su tafi da shi."

Ta rungume hoton, ta zauna a ƙasa cikin garin fulawa.

*

Sha ɗaya da rabi suka taru a ofishin Manaja. Akawu ya zauna a bakin kujera, Ciyaman ya baje a tasa, Sifana ya tsaya a jikin ƙofa ya ce kayansa da datti. Mai Na'ura tana gefe, kanta a sunkuye.

"Yallaɓai," in ji Mai Sawu, "duk wanda ke ɗakin nan yana da ciwon yarinyar nan a ransa, har da ni mai magana. Ta karɓe wa Akawu fayil, ta karɓe wa Ciyaman masu roƙo, ta karɓe min littafi. In da ciwon rai ne ke zuba mai, da mu duka za a ɗaure."

"Ka taƙaita," in ji Manaja yana duban agogo.

"Ciyaman yana gaban sakatariyarka, ta shaida. Akawu kuwa, mutumin da ya shiga ofishin nan ya ɗauki cikakken galan da hannu ɗaya, ya fita da takun da ni kaina sai na yi tsalle zan kai. Ku dubi Akawu. Galan an jefar da shi a bayan banɗaki ne don nan ne hanyar da ba kowa. Ba a yi don a ɗora masa ba, tsautsayi ne ya ajiye babur ɗinsa a wurin."

Akawu ya saki wani dogon numfashi.

"To wane ne?"

"Mutumin ya shigo da fushinsa, ya ajiye galan a gaban tebur. Sai ya ga wani abu da ya tsayar da shi." Mai Sawu ya miƙa hannu, Mai Na'ura ta ba shi hoton ba tare da ta ɗago ba. Ya ajiye shi a teburin Manaja. "Wannan a jikin kwamfuta yake zama. Ya ɗauke shi ya kai bakin taga, ya tsaya da shi a hannu, ya jima. Sannan ya ajiye shi inda mai ba zai kai ba, ya koma ya yi abin da ya kawo shi. Yallaɓai, wanda ya zo ɓata aikin wata huɗu cikin minti biyar ba ya tsayawa ceton hoton uwar wani. Akawu ba zai ma lura da shi ba. Ni ma haka. Mutum biyu ne kawai a kamfanin nan ba za su iya zuba wa fuskar nan mai ba, kuma ɗayansu tana gaban mutum ɗari biyu a lokacin."

Ciyaman ya gyara zama a hankali.

Sifana ya sa hannu a aljihun rigar aikinsa. Ya tako har gaban tebur, ya ajiye wani ɗan makulli kusa da hoton.

"Kwaɗon da makulli huɗu ya zo," ya ce. "Ni na sa shi."

"Yaya," in ji Mai Na'ura.

"Kada ki ce min Yaya a nan. A nan ni lamba ce a jikin bango." Muryarsa ba ta tashi ba, amma jijiyar wuyansa ta miƙe. "Ina aji huɗu Baba ya rasu. Ni ne na ɗaya a ajinmu, Auta, ke ba ki isa tunawa ba. Umma ta ce ɗaya ya fita ya nemo, ɗaya ya yi karatu. Na fita. Shekara goma sha bakwai ina kwance a ƙarƙashin inji, ban taɓa cewa kin ci min komai ba. Duk wanda ya ce min ƙanwata ta yi gaba, sai in ce alhamdu lillahi, in koma in ji kamar ana soya min hanji. Na yi ta roƙon Allah ya cire min, bai fita ba. Sai shekaranjiya kika haska ni a bango. Wurin takardar makaranta babu komai. Kin san inda takardar nan take? Tana jikin bangon ɗakinki da sunanki a kai."

"Wallahi ban yi don..."

"Na sani. Ba ki ma yi tunanina ba sam. Shi ne ya fi ciwo."

Ya juya wurin Akawu, ya ɗan rusuna.

"Baba Akawu, ka yafe min. Jiya na ga an zaunar da kai, na yi shiru. Wannan ya fi zuba man muni."

Akawu ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya kau da kai.

Manaja ya ɗora hannu a kan waya. Mai Na'ura ta tashi ta dafe wayar da hannu biyu. Ta ce a ba ta kwana goma za ta sake shigar da komai, ta ce a fasa ba ta shugabancin, a ba duk wanda aka ga dama, amma kada a fita da yayanta da ankwa a gaban 'ya'yan mutane. Manaja ya yi ta huci. Daga ƙarshe ya ce ba zai kira kowa ba, amma Sifana ya rubuta takardar ajiye aiki yanzu, kuma kada ya ƙara taka get ɗin nan.

*

Mai Sawu ne ya raka shi bakin get. Sifana yana rungume da akwatin kayan aikinsa, ma'aikata sun yi cirko-cirko a baranda suna kallo, babu mai dariya. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Baba, ka ce kai ma kana da ciwonta. Me ya hana ka yi?"

Mai Sawu ya yi tunani, don ba ya son ya yi masa ƙarya.

"Ni littafi kawai ta karɓe min," ya ce. "Kuma ina da mai gaya min gaskiya a gida. Ka je wurin iyalinka, ka gaya musu da bakinka kafin su ji a waje."

Aka ɗage zuwan masu kamfani da mako biyu. Ranar da sabuwar kwamfuta ta iso, Akawu ya shigo ofis ba wanda ya kira shi, ya ja kujera, ya ce shi dai ya san shekarar da kowa ya fara aiki a ka, in ana so. Mai Sawu kuma ya kawo tsofaffin littattafansa guda tara ya jibge a kan tebur, ya ce a duba ko za su yi amfani. Su uku suka zauna, ɗaya na faɗa, ɗaya na dubawa, ɗaya na bugawa, har aikin ya tashi.

A rana ta ƙarshe aka zo kan bayanin Sifana. Sai an rufe shi tsarin zai karɓi sauran. Mai Na'ura ta buɗe, hotonsa ya fito, ta tsaya tana kallonsa. Tun ranar nan bai ɗauki wayarta ba, ta je gidansa sau biyu matarsa ta ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofar ɗaki.

"Akwai wurin da aka ce a rubuta dalilin barin aiki," ta ce. "Baba, me zan sa?"

Akawu ya cire tabarau yana gogewa. Mai Sawu ya dubi allon, ya dube ta.

"Sa abin da ke cikin takardarsa. Ya ajiye da kansa."

Ta buga. Sannan ta koma sama, wurin takardar makaranta, inda babu komai. Akwai ɗan fili a ƙasa na ƙarin bayani. Ta ɗora yatsunta, ta rubuta a hankali: ya bar makaranta a aji huɗu, yana na ɗaya a ajinsu, don ƙanwarsa ta yi karatu.

"Ba wanda zai karanta wannan," in ji Akawu.

"Na sani, Baba," ta ce, ta danna ta rufe.